Walƙiya Babu Hadari: Kwana 9 Da Na Yi Ina Wasa Da Idona

(Rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.)

Na san wasunku sun yi fushi da ni. Sati uku babu shiri babu bayani, saƙonni sun cika min waya. Wani ma ya rubuto yana tambaya wai ko aure na yi ban gayyace shi ba. To, ba aure ba ne, ido ne. Idona na hagu ne ya kusa tafiya, kuma rabin laifin nawa ne. Shi ya sa yau babu baƙo a shirin, ni ne mai tambaya ni ne mai amsa. Ku ba ni aron kunnuwanku, domin abin da ya same ni zai iya samun kowa, kuma ba ya zuwa da ciwo balle ka ce ka ji gargaɗi.

Waɗanda suka san ni sun san abu biyu. Gyaran waya nake yi, da shi nake ci, da shi nake biyan kuɗin datar da nake ɗora muku wannan shirin. Sannan tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare nake sa gilashi. Lambar gilashina yanzu -7 ce. In na cire shi, mutum yana taku biyar daga inda nake ba zan gane fuskarsa ba sai ya yi magana. Ku riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Ranar wata Lahadi da yamma muna buga ƙwallo a filin unguwa, wani yaro ya ɗauko shot da ƙarfinsa, ƙwallon ta same ni a gefen fuska na hagu. Gilashi ya karye, wajen ya ɗan kumbura, aka yi dariya aka ba ni haƙuri. Babu jini, idon bai yi ja ba. Na koma gida na ɗauko tsohon gilashina na ci gaba da harkokina.

Daren Laraba an ɗauke wuta, ina kwance ɗaki duhu ƙirin. Na juya idona zan duba ƙofa, sai na ga wal! a can gefen idon hagu, kamar wani ya haska min fitilar kyamara. Na ce ko hadari ne. Na tashi na leƙa taga. Jama'a, tsakiyar hunturu ake, sama babu ko ɗigon gajimare. Na koma na kwanta, na sake juya ido, ya sake yi. Na ce gajiya ce, na ja bargo. Wannan ita ce rana ta 1.

Washegari a shago sai na lura da wani abu kamar zaren saƙar gizo yana yawo a gabana. In na kalli farin bango yana nan, in na juya ido ya bi ni, in na tsaya shi ma ya yi lilo ya tsaya. Na wanke fuska, na goge gilashi, na murza ido har ya yi ja. Yana nan daram.

Ranar Juma'a bayan masallaci na biya kemis ɗin unguwarmu. Na ce, "Dakta, idona ne yake min wani walƙiya-walƙiya." Ko haska idon bai yi ba. Ya ce, "Ƙurar hunturu ce da kallon waya. Ga wannan, ka riƙa ɗigawa sau huɗu a rana." Na biya na tafi. Ban karanta kwalin ba, kuma ko na karanta a lokacin ban san me zan nema ba.

Asabar na shiga Google. Ku da kanku kun san yadda abin yake. Shafi ɗaya ya ce gajiyar ido ce, wani ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, wani ya ce ka je asibiti yau ɗin nan. Me na yi? Na zaɓi amsar da ta fi min daɗi. Na ce ai dama ina kwana a kan sikirin, gajiya ce. Wannan ita ce matsalar tambayar waya, duk amsar da ranka yake so za ka same ta a ciki.

Lahadi na gaya wa Umma. Hankalinta ya tashi, ta ce, "Ni dama na faɗa maka ka rage sa hotonka a wayar nan. Bakin mutane ba shi da kyau. Maza ka wuce wajen Kawunka." Kawuna malami ne, a hannunsa na yi saukar Alƙur'ani. Na je na zauna na faɗa masa komai. Ya yi min addu'a ya tofa min, sannan ya ce, "Ɗana, addu'a mun yi kuma za mu ci gaba. Amma wanda aka buga wa ƙwallo a fuska ya fara ganin haske, asibiti zai je. Gobe ka tafi a duba ka." Na ce, "To, Allah gafarta Malam." Ina so ku lura da wannan, saboda kar wani ya ce addini ne ya hana ni. Malamin ma asibiti ya tura ni. Ni ne ban je ba.

Me ya hana ni? Gaskiya abu biyu ne. Na farko lissafi. Na ce in na tafi asibiti yini guda ya tafi a layi, ga wayoyin mutane jibge a shago. Na biyu, kuma shi ne babba, babu ciwo. Mu a tunaninmu abin da ba ya zafi ba ya kisa. Da haƙori ne yake min zugi, wallahi ko kwana ɗaya ba zan kai ba.

Ranar Laraba, rana ta 8, ina kan wayar wani mutum ina soda a wajen caji. Na ɗago kaina kenan, sai na ga kamar an watsa min garin gawayi a cikin ido. Ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana, ba sa ƙirguwa, suna saukowa a hankali. Hannuna ya yi rawa, na taɓa inda bai kamata ba, wayar mutum ta mutu a hannuna. Na ajiye kayan aiki na rufe shago tun kafin la'asar.

Da daddare na kira ƙanwata, autarmu, tana karatun aikin jinya. Ban gama bayani ba ta katse ni. Ta ce, "Yaya, rufe idonka na dama da tafin hannu. Kana ganin abin?" Na ce ina gani. Ta ce, "To rufe na hagu." Na rufe, na ce babu komai, fes. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, don girman Allah gobe da sassafe ka kasance a asibitin ido. Ba shagon gilashi ba, asibitin ido. In ka je wajen nas kar ka ce idona ne yake damuna. Ka ce mata: ina ganin walƙiya da sababbin ɗige-ɗige a ido ɗaya, an buge ni a wajen, kuma lambar gilashina -7 ce. Haka za ka faɗa, kar ka rage komai." Kwana 8 ina fama da abu, ko sau ɗaya bai zo min a rai in rufe ido ɗaya in gwada ba.

Alhamis ƙarfe bakwai ina asibiti. Mutane maƙil. Na yanki kati, da na isa wajen nas na karanto mata abin da Auta ta ce kamar mai bitar hadda. Ta ɗago ta kalle ni, ta ɗauki katina daga ƙasan tulin ta mayar sama. Kun ga amfanin iya faɗar abin da ke damunka.

Aka fara da allon haruffa. Da gilashina na karanta har kusan layin ƙasa, da idon hagun ma. A raina na ce shi ke nan, na ɓata yini a banza, lafiyata ƙalau. Saura kaɗan in sulale in koma shago. Aka auna ƙarfin ruwan ido, wato abin da ake dubawa saboda hawan jinin ido. Aka ce yawanci daga 10 zuwa 21 ake so ya kasance, nawa yana ciki. Sannan aka ɗiga min wani magani mai ɗan yaji, aka ce in zauna kamar rabin awa. Aikinsa shi ne ya buɗe 'yar ƙofar nan da ke tsakiyar baƙin ido, domin likita ta iya hango can bayan idon.

A kan benci ina jira, akwai wani dattijo kusa da ni da ɗansa. Muka gaisa, na ce, "Baba, me ya kawo ka?" Ya ce, "Yaro, wata biyu ke nan. Na fara ganin haske-haske, daga baya wani abu kamar labule ya taso min daga gefe. Tun yana ɗan kaɗan har ya rufe. Na ce yana ce, in ta nuna a cire." Ya ɗaga hannu a gaban idonsa na dama ya kaɗa, ya ce, "Yanzu inuwar hannun kawai nake gani." Jikina ya yi sanyi, domin farkon labarinsa shi ne labarina.

Aka kira ni. Likitar mace ce, ta tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce, "Yau kwana 9, Likita." Ta ajiye biro ta kalle ni, ba ta ce komai ba. Wannan kallon ya fi faɗa zafi. Ta kwantar da kujerar, ta ɗaura wata fitila a goshinta, ta riƙe ɗan madubi a gaban idona. Kalli sama, kalli dama, kalli ƙasa, kalli hagu. Da ta zo sama ta gefen kunne sai ta daɗe a wajen. Ta ce, "Malam, shimfiɗar bayan idonka ta yage. Allah Ya taimake ka ba ta ɗago ba tukuna, ruwa kaɗan ne ya fara shiga bakin yagewar. Yau za mu yi maka aiki da leza, ba gobe ba."

Bari in yi muku bayanin da ta yi min, da yaren masu gyaran waya. Ido kamar kyamara yake. A can bayansa, daga ciki, akwai wata shimfiɗa siririya da likitoci ke kira retina. Ita ce take karɓar haske ta aika wa ƙwaƙwalwa, kamar dai abin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamarar wayarka. Tsakiyar ido kuma cike take da wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai, yana manne da wannan shimfiɗar. In shekaru suka ja, ko aka bugi ido, ruwan nan yakan motsa ya ja shimfiɗar. Ita kuma retina ba ta san zafi ba, yare ɗaya ta iya, shi ne haske. In aka ja ta, sai ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙon haske. Walƙiyar da nake gani ke nan. Idona ne yake ihu, ni kuma ina cewa gajiya ce.

Garin gawayin da na gani ranar Laraba kuwa, ta ce alama ce ta lokacin da wajen ya yage, ɗan jini da burbushi suka watsu cikin ruwan. Daga nan abin da ke biyo baya shi ne ruwa ya riƙa bi ta ramin yana shiga ƙarƙashin shimfiɗar yana ɗaga ta, kamar yadda ruwa ke shiga ƙarƙashin ledar ɗaki. Inda ya ɗaga, nan gani yake mutuwa, shi ne labulen da Baba ya gani. In ya kai tsakiya, wajen da muke karatu da gane fuska da shi, to ko an yi tiyata ba lallai ganin ya dawo yadda yake ba. Dalilin da ya sa na karanta allo lafiya lau shi ne tsakiyar tawa ba a taɓa ta ba tukuna.

Sai batun -7. Ta ce mai irin wannan lambar, idonsa ya fi na sauran mutane tsawo daga gaba zuwa baya, don haka shimfiɗar a miƙe take, ta fi sirantaka, ta fi saurin yagewa. Daga -6 zuwa sama ana lissafa mutum cikin masu babban haɗari. Ɗagowar retina ba cuta ce mai yawa ba, kusan mutum 1 cikin 10,000 take samu a shekara. Amma masu gilashi irin nawa, da wanda aka buga a ido, da wanda aka yi wa aikin yanar ido, da wanda wani a gidansu ya taɓa yi, su ne a sahun gaba. Shekara goma sha ina sa gilashi, babu wanda ya taɓa faɗa min wannan.

Na fito da maganin kemis na nuna mata. Ta juya kwalin ta nuna min wata kalma, dexamethasone. Ta ce wannan sinadarin sitiroyid ne. Yana da amfaninsa in likita ya rubuta, amma ba ruwansa da matsalata, kuma wanda ya daɗe yana ɗiga shi babu kulawa zai iya jawo wa kansa hawan jinin ido ko yana. Ta jefa shi a kwandon shara a gabana.

Aikin lezar bai kai minti ashirin ba. Aka kashe zafin idon da maganin ɗigawa, aka ɗora wani madubi a kansa, sai haske kore yana ta bugawa, wal, wal, wal. Akwai ɗan tsukewa can ciki amma abin jurewa ne. Abin da take yi shi ne ta zagaye yagewar da ƙananan ƙuna, in suka warke su zama tabo su manne shimfiɗar, ruwa ya rasa hanyar wucewa. Na ce mata, "Likita, ai soda ce wannan." Ta yi dariya ta ce kusan haka. Ta ce tabon yana ɗaukar kamar sati biyu kafin ya kama sosai, in ajiye ƙwallo da ɗaukar kaya masu nauyi, kuma in na ga inuwa ko labule kar in jira ranar da aka rubuta min, in dawo a ranar. Ta duba idon dama ma tsaf.

Da na fito na sake haɗuwa da ɗan Baba a bakin ƙofa. Ya ce an tura su wani asibitin da ake yin babbar tiyatar, kuma an gaya musu gaskiya cewa za a gwada ne, ba a yi musu alkawarin ganin zai dawo ba. Ni an sallame ni a ranar na hau adaidaita na koma gida. Cutarmu ɗaya da Baba. Abin da ya raba mu shi ne kwana 9 da wata 2. Allah Ya ba shi lafiya.

To, yanzu bari mu zo kan ku. Ni ba likita ba ne, mai gyaran waya ne da ya sha da ƙyar. Amma a sati ukun nan na yi tambayoyi da yawa, kuma ga abubuwan da in ka gan su ba a kwana da su.

Na farko, sabuwar walƙiya ko sababbin ɗige-ɗige masu yawa da suka zo farat ɗaya, musamman a ido ɗaya. Na ce sababbi. Mutane da yawa suna da ɗan zare ɗaya ko biyu da suka daɗe suna gani in sun kalli sama, wannan yawanci ba komai ba ne. Canjin kwatsam shi ne abin tsoro.

Na biyu, inuwa ko labule da ya taso daga kowane gefe.

Na uku, ido ɗaya ya ɗauke ɗif na 'yan mintuna sannan ya dawo. Kar ka ce ai ya dawo. Yana iya zama jini ne ya tsaya a hanyarsa ta zuwa ido, kuma hakan yakan zama gargaɗin shanyewar ɓarin jiki. In da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, ko ganin abu bibbiyu, sashen gaggawa za a wuce kai tsaye.

Na huɗu, ido ya yi ja yana zugi, kana ganin zobe kala-kala a jikin ƙwan fitila, ga ciwon kai da amai. Wannan nau'i ne na hawan jinin ido mai zuwa da gaggawa, yana iya lalata gani cikin ɗan lokaci.

Na biyar, wannan na 'yan'uwa mata ne da mazajensu. Mai ciki da ya haura sati 20, ko mai jego, in ta fara ganin taurari-taurari ko dishi-dishi tare da ciwon kai, a auna jininta a ranar. Yana daga cikin alamun da ke zuwa kafin jijjiga. Ba a jira ranar awo.

Masu ciwon suga, masu hawan jini, da masu sikila, ku kuma ko babu alama ya kamata a riƙa duba bayan idonku lokaci-lokaci. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne masu SC, waɗanda ake ganin nasu da sauƙi, sun fi masu SS samun matsalar jijiyoyin bayan ido.

Ba kuma duk abin da ido ya gani ne bala'i ba, kar in tsorata ku. Maƙwabcin shagona da ya ji labarina ya ce shi ma yana ganin wani abu, kamar haƙoran zarto masu sheƙi, ya fara ƙarami ya yi ta faɗi, bayan kamar minti ashirin ya ɓace, sai ciwon kai ya biyo. Na ce ya rufe ido ɗaya ya gwada in ya sake zuwa. Ya gwada, ta kowane ido yana gani, ko ya rufe duka biyun yana nan. Ya je aka duba shi aka ce ciwon ɓarin kai ne. Nasa daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, idon lafiyarsa ƙalau, kuma irin wannan yakan ɗauki minti 5 zuwa awa guda. Amma likita ne ya faɗa masa bayan ya duba, ba ni ba, ba Google ba. Mace mai irin wannan kuma ta sanar da likita kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, domin mai sinadarin istirojin ba ta dace da ita ba.

Akwai ma wani labari na gaske. A 2016 wasu likitoci a Landan suka wallafa labarin mata biyu da ido ɗaya yake ɗauke musu na ɗan lokaci, an yi ta yi musu gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Da likitan ido ya zauna ya yi musu tambayoyi, sai ta bayyana cewa suna kwanciya ne a gefe ɗaya cikin duhu suna kallon waya, matashi ya rufe ido ɗaya. Ido ɗaya ya saba da haske, ɗayan ya saba da duhu, in an kashe waya sai wanda ya sha haske ya zama kamar ya makance na wasu mintuna. Na san yanzu haka wani yana karanta wannan a kwance a haka. Abin da ya warware matsalar shi ne bayanin da suka bayar.

Don haka in za ka je, ka je da bayaninka a shirye. Ido ɗaya ne ko biyu? Ka gwada tun a gida. Yaushe ya fara, minti nawa yake ɗauka, kullum yana nan ko zuwa yake ya tafi? Da me ya yi kama? In ba ka iya faɗa ba, zana shi a takarda. An buge ka? Akwai ciwon kai? Sannan ka tafi da duk maganin da kake sha ko kake ɗigawa, har na gargajiya, har wanda kake jin kunyar faɗa. Maza, ƙwayar ƙarin kuzarin nan tana iya sa mutum ya ga komai ya yi shuɗi-shuɗi. Cikin magungunan tarin fuka akwai wanda ke iya taɓa jijiyar gani. Likita ba zai sani ba sai ka faɗa. Ka tafi da ɗan rakiya da baƙin gilashi, kar ka tuƙa mota ko babur, domin maganin buɗe ido yana sa dishi-dishi da ƙin rana na wasu awanni.

In kuma aka duba aka ce ba a ga komai ba, alhali kai kana ganin abin, kar ka yi zuciya ka koma kemis. Ka tambaya cikin ladabi: an buɗe idon an duba bayansa? An auna ƙarfin ruwan ido? Yaushe zan dawo, kuma me zan gani in dawo kafin lokacin? Akwai buƙatar auna jini da suga, ko ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi? Awon gilashi daban, duba bayan ido daban. Ni shaida ne, na karanta allo tsaf da yagaggen ido.

Wuraren zuwa akwai su. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makka. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen ido. In kana nesa, ka fara da babban asibitin da ya fi kusa ka nemi a tura ka. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makantar abin da za a iya kaucewa ne ko a magance. Iyayenmu ne waɗannan. Ku tambaye su yau ko suna ganin wani abu da ba su faɗa ba.

Ni dai na koma an duba, an ce sodar ta kama, alhamdulillah. Zaren nan yana nan yana yawo, an ce in saba da shi, da sannu ƙwaƙwalwa za ta rage kula shi. Wayar mutumin da na kashe na biya shi, ita ce tarar da na ci. Umma kuma har yanzu tana nan a kan bakanta cewa bakin mutane ne ya kawo ƙwallon, ni kuma ban yi mata musu ba.

Kafin ku rufe wannan rubutun, ku yi abin da Auta ta sa ni. Rufe ido ɗaya, kalli bango ko ƙofa, duba ko akwai inda ya yi duhu ko ya lanƙwashe. Sannan ka canza. Daƙiƙa goma ne. In ka ga abin da ba ka gane ba, kar ka rubuto min kana tambaya ko mene ne, amsata ɗaya ce, je a duba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ku tura wa duk wani mai gilashi mai kauri da kuka sani. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, da baƙon da na yi muku alkawari. Allah Ya tsare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.